Ku duba lambar tsarin salularku kafin ku saya

Mi ake nufi da tsarin na'ura?

Kowace salula mai intanet, da kowace kwamfuta, tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da aikinta duka. Ita ake kira tsarin na'ura. Salulolin Tecno, Itel da Samsung da suka cika kasuwanninmu suna aiki da tsarin Android. Yawancin kwamfutocin ofis kuma suna aiki da Windows.

Kamfanonin da ke yin waɗannan tsare-tsare sukan fitar da sabon zubi lokaci-lokaci, kowane zubi da lambarsa. Misali, Android 5 ya fito a shekarar 2014, Windows 11 kuma a 2021.

Don mi ya kamata ku san lambar?

Ƙananan manhajoji, irin su WhatsApp, a bisa tsarin na'ura suke zaune, kamar ɗaki bisa tushensa. Idan tsarin ya tsufa ƙwarai, manhajar sai ta ƙi shiga, ko ta daina aiki. Tun daga ranar 24 ga Oktoba 2023, WhatsApp ya bar aiki a salular da tsarinta bai kai Android 5 ba. Wanda ya sayi irin wannan salula ya yi asarar kuɗinsa, kuma ba zai samu muryar ƴan uwansa da ke ci-rani ba.

Yaya ake dubawa?

A salula:
1. Ku buɗe wurin da aka rubuta Paramètres.
2. Ku nemi À propos du téléphone.
3. Ku karanta lambar da ke gaban Version d'Android. A wasu salulolin sai an ƙara shiga wani layi kafin a gan ta.

A kwamfuta: ku danna maɓallin Windows tare da harafin R, ku rubuta winver, sannan ku danna Entrée. Lambar za ta fito. Ku sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a 2020, da Windows 10 a Oktoban 2025.

Shawara

In za ku sayi salular da wani ya yi aiki da ita, ku duba lambar da idonku a gaban mai sayarwa. Ku sa ya buɗe muku manhajar da kuke bukata, ku ga tana aiki, sannan ku biya. In karatun ya yi muku wuya, ku tafi da malamin ajinku ko wani ɗalibi.