Yadda wayarka za ta ƙirga tsuntsayen Baturiya

Da hunturu ya kama, fadamar Baturiya da ke Kiri Kasamma takan karɓi baƙin tsuntsaye daga Turai, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya. Tun 2008 take cikin jerin Ramsar na muhimman dausayin duniya. Amma madatsun Tiga da Challawa sun rage ruwan da ke malala daga kogin Haɗeja, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya san tsuntsun da ya daina gani, sai dai maganar ba ta wuce bakin kwalekwale.

Wannan giɓi ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta tun 2015, yake cikewa da 'yan sa-kai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai zai shafe aƙalla awa biyu a ciki, yana shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser, ita kuma ta liƙa masa wuri da GPS. Ko babu sabis aiki bai tsaya ba. In ya dawo gari ya tura.

Wahalar ba ta data ba ce, ta suna ce: sai ka san abin da ake kiran dinya da Turanci. Ka saka Merlin, ta taimaka da hoto. Kada ka manta caja da ruwan sha.