Daga Wayar Hannu Zuwa Kyamarar PTZ: Abin Da Ya Kamata Coci Ya Sani Kafin Ya Kashe Kuɗi

A ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe wuraren ibada a jihohi da dama na Najeriya, coci-coci sun koma ga abin da ke hannunsu. A ɗauko wayar wani matashi, a kafa ta a gaban bagadi, a buɗe Facebook, a fara sujada. An daɗe da buɗe ƙofofi, amma watsa sujada kai tsaye bai tsaya ba. Tsofaffin da ƙafa ta hana su fita, marasa lafiya, da ɗaliban da ke nesa da gida duk sun saba. Wanda ya tashi a cocin da ake wa'azi da Hausa a Jos ko Kaduna, aiki kuma ya kai shi Legas ko Ingila, ta wannan bidiyon yake jin waƙoƙin gida ranar Lahadi.

Yanzu coci-coci da yawa na son barin waya su sayi kyamara. Kuɗin daga baikon jama'a yake fitowa, kuma galibi matasa ake ɗora wa nauyin zaɓen kaya. Sai dai kyamara ɗaya ce cikin abubuwa biyar. Idan sauti, igiya, intanet ko wuta suka gaza, kyamara mai tsada ba za ta gyara komai ba.

Sauti kafin hoto

Mai kallo zai iya haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da fasto ke faɗa, zai fita. Makirfon da ke jikin waya ko kyamara yana kwasar amsa-kuwwar ɗaki da ƙarar fanka da ta janareto. Maganin shi ne a jawo sauti kai tsaye daga miksar cocin zuwa kwamfutar da ke watsa shirin. Yana da kyau a ƙara makirfo ɗaya da ke fuskantar jama'a, domin idan babu shi, na gida zai ji muryar mai ba da waƙa kaɗai, tamkar cocin babu kowa. Idan murya ta riga motsin baki, manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, tana da wurin jinkirta sauti har su daidaita.

Inda waya ke gazawa

Babbar matsalar waya ita ce zuƙowa. A yawancin wayoyi, zuƙo hoto daga nesa yanka shi ne kawai a faɗaɗa, don haka fuskar mai wa'azi ke dagulewa idan an tsaya a bayan coci. Ga zafi idan aka daɗe ana ɗauka, ga kiran da zai iya shigowa ana tsakiyar addu'a.

Mataki na farko bayan waya shi ne ƙaramar kyamarar bidiyo mai gilashin da ke zuƙowa da gaske, kamar ninki 20. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar tana fitar da hoto ta HDMI ba tare da alamar batir da sauran rubuce-rubuce a kansa ba, kuma tana aiki da wuta kai tsaye. Za a haɗa ta da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai karɓar HDMI ta miƙa ta USB. Kyamarorin ɗaukar hoto irin na masu biki suna da kyawun hoto, amma wasunsu kan yi zafi ko su kashe kansu kafin a tashi sujada.

Mataki na biyu shi ne kyamara biyu ko uku da na'urar sauya hoto. ATEM Mini ta kamfanin Blackmagic Design, wadda ta fito a 2019, tana karɓar HDMI huɗu. Kyamara ɗaya ta tsaya a kan mumbari, ɗaya a kan mawaƙa, kwamfuta kuma ta turo ayoyi da baitocin waƙa.

Mataki na uku shi ne kyamarar PTZ, wadda ake maƙalawa a bango, ana juya ta dama da hagu, sama da ƙasa, ana kuma zuƙowa daga nesa. Ana ajiye mata wurare tun kafin sujada: lamba 1 mumbari, lamba 2 mawaƙa, lamba 3 zumuntar mata. Mutum ɗaya zai iya tafiyar da uku yana zaune, babu mai yawo yana tare wa jama'a gaba.

Tsawon igiya

Nan ne ake yawan tafka asara. Igiyar HDMI ta gama-gari takan fara ba da matsala idan ta wuce kimanin mita 15. Igiyar SDI mai kyau tana kaiwa kusan mita 100, haka ma igiyar netwok. Kyamarorin PTZ da yawa suna karɓar wuta da umarni, su kuma aika hoto, duk ta igiyar netwok guda. A auna tsawon cocin kafin a je kasuwa.

Intanet da data

Abin dubawa shi ne saurin turawa, ba na saukewa ba, kuma a gwada shi ranar Lahadi lokacin da cocin ya cika da wayoyi. Hoton 720p a kan megabit 3 a daƙiƙa yana cin kimanin gigabait 2.7 a sujadar awa biyu. Idan aka ɗaga zuwa megabit 6, ya zama 5.4. Ya kamata saurin layin ya ninka abin da ake turawa. Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ta kuma taimaki wuraren da sabis ke da rauni, amma tana da kuɗin wata-wata. Su ma masu kallo da datarsu suke biya, saboda haka 720p da ba ya yankewa ya fi 4K mai tsinkewa.

Wuta da haske

Tsakanin ɗaukewar wutar NEPA da tashin janareto, komai zai mutu idan babu inbata ko batirin ko-ta-kwana. Wutar Najeriya tana tafiya a kan 50Hz, don haka kyamarar da aka saita a tsarin Amurka na 60Hz takan nuna fitilu suna ƙyafta-ƙyafta. A mayar da ita hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Idan akwai taga a bayan fasto, fuskarsa za ta yi duhu. Labule da fitilu biyu daga gaba sun fi sabuwar kyamara araha.

Ajiya da mutuncin jama'a

Tun Fabrairun 2025, Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30. Cocin da ke son wa'azinsa ya zauna sai ya riƙa naɗa a kwamfuta ko ya ɗora a YouTube. Sannan kyamara mai zuƙowa amana ce. Bai dace a haska fuskar mai kuka a lokacin addu'a ba, ko hannun mai sa baiko, ko yara ba da sanin iyayensu ba. A wuraren da ake fama da matsalar tsaro, gara a bar kyamara a kan bagadi.

Tsarin da ya fi tsare kuɗin ikilisiya shi ne a gyara sauti, a tabbatar da intanet da wuta, sannan a sayi kyamara ɗaya mai kyau, a koya wa aƙalla mutum uku aiki da ita. Ranar da gwanin ya koma makaranta, wadda ke kwance a gida tana jiran wa'azi ba za ta rasa ba.