Chrome ko Firefox? A fara duba filashin da ke aljihu

Duk mai laftof a Kausani ya san hanyar Wudil. Can ake buga takarda, can ake cike fom, can kuma masu gyara suke, a shagunan da ke cin kasuwa da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda har 2022 ake kira KUST. A irin shagunan nan ake yawan musu kan burauza. Wannan ya ce Chrome ta fi tsaro, wancan ya rantse da Firefox, wani ya ce shi dai a bar shi da Opera, don ba ta shan data.

Musun bai kai zafin da ake ba shi ba. Chrome da Edge da Opera da Brave duk tushensu ɗaya, wato Chromium, wanda Microsoft ta mayar da Edge kansa a Janairun 2020. Firefox ce mai injinta daban. Dukkansu suna killace shafin da ka buɗe, yadda mugun abin da ke ciki zai sha wuya kafin ya tsallaka cikin kwamfuta, kuma suna jan kunnenka in ka nufi shafin da aka san na 'yan damfara ne. Inda suka rabu sosai shi ne sirri: Firefox da Brave sun fi toshe masu bin sawunka don talla. Tagar nan ta Incognito kuwa, tarihin bincikenka take ɓoye wa ƙaninka da kuke aron kwamfuta ɗaya. Ba ta hana bairos shiga.

Abin tambaya shi ne yaushe rabon burauzar da sabuntawa. Kusan kowane wata kamfanonin ke fitar da sabon zubi, galibi don toshe ɓarakar da aka gano, kuma da zarar an sanar da ɓaraka, ɓarayi ma sun ji. Mu kuwa abu na farko da muke roƙon mai gyara shi ne ya kashe mana sabuntawa, kada ta cinye data. Ba na ganin laifin kowa, kuɗin data ba wasa ba ne. Sai dai a tuna da cutar kwamfuta ta WannaCry, wadda a Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin. Waɗanda ba su saka ba ne suka ji jiki.

Ga kuma tsufa. Laftof ɗinmu yawanci na hannu ne, wasu har yau Windows 7 ke kansu, alhali an daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ta tsaya mata a zubi na 109 a farkon 2023. Windows 10 ta bi sahu ranar 14 ga Oktoban 2025. Burauza mai kyau a kan irin wannan kwamfuta kamar ƙofar ƙarfe ce a katangar da damina ta zubar.

A nan yankin ma, cutar ba ta cika biyowa ta burauza ba. Filashi ne ke kawo ta. Ɗalibi ya kai furojet ɗinsa a buga, an soka filashin a kwamfutar da ta karɓi na mutane da yawa tun safe, ya dawo gida ya buɗe, sai ya ga kowace folda da 'yar kibiya a gindinta. Hankalinsa ya tashi, ya danna don ya ga ko aikinsa na nan, dannawar nan kuwa ita ke tayar da bairos ɗin ya kama laftof. Abin da da yawa ba su sani ba, fayilolin ba a goge suke ba, ɓoye su aka yi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fito da su cikin 'yan mintoci, don haka kada a yi saurin yarda da wanda ya ce sai an yi fomatin. Haka katin waya da aka kai wa masu tura fina-finai yake yi.

Sai manhajojin sata da ake zuba mana kyauta. Kafin su zauna, sai an kashe Defender, mai gadin da ke zuwa da Windows ba ko kwabo, sau da yawa kuma ba a sake kunna shi. A duba, in a kashe yake a kunna. Sabuntawa a bar ta sai dare, lokacin da data ke araha. Takardar bugawa kuma a tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel, filashin ya zauna a gida.