Abin da ke tafiya ba ya tsayawa nan take

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, idan aka gama girbi hanyoyi kan cika. Amalanke na kai damman hatsi gida. Manyan motoci na kwasar wake da albasa zuwa kasuwa. Babura kuma na ta kai da kawowa. Inda tafiya ta yi yawa, haɗari ba ya nisa. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu yi magana a kan ita tafiyar kanta: yadda abu yake tashi, yadda yake gudu, da yadda yake tsayawa idan ya miƙe hanya sosai ba karkata.

Mu fara da sauri. Sauri shi ne nisan da aka ci cikin wani lokaci sananne. Mutum mai lafiya yana cin wajen kilomita 5 a awa guda. Idan kasuwa tana kilomita 15 daga garinku, tafiyar awa 3 ce a ƙasa. Lissafin ke nan: a raba nisa da sauri, sai lokaci ya fito. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, ta Gazawa da Tasawa. Motar da ke cin kilomita 60 a awa za ta yi awa 4. Wadda ke cin 80 za ta yi awa 3. Awa guda tak mai gaggawa ya samu. Nan gaba kaɗan za mu ga abin da ya sayar don ya same ta.

Wani masani na ƙasar Ingila mai suna Niyuton ya fitar da littafi a shekarar 1687, inda ya bayyana dokokin motsi. Ta farko tana cewa abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe, da saurinsa, har sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Wani zai ce: to me ya sa amalanke ke tsayawa idan jaki ya daina ja? Ai ba don kanta ta tsaya ba. Rairayi ne ya riƙe ƙafafunta. Shi ya sa a kan kwalta takan ɗan ƙara gaba kafin ta tsaya, a cikin rairayi kuwa nan da nan take cijewa.

Wannan doka ita ce ke jefar da mutane. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, tayoyin mota birkin ya kama, bai kama fasinja ba. Motar ta tsaya, amma jikin mutum yana nan da saurinsa na dā, sai ya wuce gaba. Wanda ke cikin mota ya bugi gilashi. Wanda ya hau saman kaya ya faɗo ƙasa. Buhun da ba a ɗaure ba shi ma haka yake yi, ya zo ya danne wanda ke zaune gabansa. Ɗamarar kujera da igiyar ɗaure kaya aikinsu ɗaya ne: su sa mutum da kaya su tsaya tare da mota. A ganinmu, ɗora yara a kan tulin buhuna, ko a mota ko a amalanke, ganganci ne, ko da tafiyar gajeruwa ce.

Doka ta biyu ta shafi nauyi. Idan kaya ya ninka, ƙarfin da ake bukata don a tashe shi ko a tsayar da shi a lokaci guda shi ma ya ninka. Masu amalanke sun san wannan tun kafin su ji sunan Niyuton. A kan gangara, amalanke mai buhu goma takan tura jaki gaba, ita kuwa ba ta da birki. Gara a rage kaya a yi sawu biyu, mai ita kuma ya sauka ya riƙe dabbar har a wuce gangarar.

Yanzu mu koma kan mai gaggawa. Motar da ke cin kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a daƙiƙa guda, wato kafin ka ce "ɗaya". Daga lokacin da direba ya ga akuya ko yaro a kan hanya zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, akan yi wajen daƙiƙa guda. Mita 17 sun tafi ke nan, birki bai ma fara aiki ba. Mai gyangyaɗi ko wanda ya sha ƙwaya ya fi haka daɗewa.

Bayan an taka birki, mota tana ja kafin ta tsaya. A nan ne abin mamaki yake. Idan sauri ya ninka sau biyu, nisan jan ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai kyau da tayoyi masu kyau, mai gudun kilomita 30 zai ja wajen mita 5. Mai gudun 60 zai ja mita 20. Mai gudun 90 zai ja mita 45. Idan muka haɗa da abin da aka ci kafin a taka birki, na farko yana bukatar mita 13, na biyu mita 37, na uku mita 70. A hanyar jar ƙasa, ko bayan ruwan sama, ko da tayar da ta suɗe, nisan ya fi haka. Saboda haka mai kora garke ya ƙetare hanya kada ya ce ai direba ya gan shi. Gani daban, iya tsayawa daban. Mu koya wa yara haka, musamman na garuruwan da babbar hanya ta ratsa.

Akwai wata tafiya a miƙe da muke mantawa da ita: faɗuwa daga sama. Galile, masanin ƙasar Italiya da ya rasu a 1642, ya nuna cewa abin da ke faɗuwa saurinsa ƙaruwa yake yi, kuma babban dutse da ƙarami tare suke isa ƙasa idan iska ba ta tare su ba. A daƙiƙa ta farko dutse yana faɗuwa mita 5. Bayan daƙiƙa 2 ya yi mita 20. Bayan daƙiƙa 3 ya yi mita 45. Da wannan ana iya kimanta zurfin rijiya: a saki tsakuwa, a ƙirga har a ji ƙararta a ruwa. Kimantawa ce kawai, igiya ta fi gaskiya.

Amma ga abin lura. Dutsen da ya faɗo mita 20 yana isa ƙasa da saurin da ya kai kilomita 70 a awa. Idan mai haƙa ko mai yasa yana cikin rijiya, ko ɗan dutse kamar ƙwan kaza yana iya fasa masa kai. Kafin ya shiga, a share bakin rijiyar, a kawar da guga da kayan aiki, a hana yara matsowa, shi kuma ya sa hular kwano idan da hali. Haka ma mai hawa gawo don ya sassabo wa dabbobi ganye. Faɗowa daga mita 5 daidai take da karo da bango a gudun kilomita 36 a awa. Idan wani ya faɗo haka yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi a miƙe a kan katako ko ƙyauren ɗaki, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, a kai shi asibiti mafi kusa.