Kalmomin Ɗanɗano a Hausa: Misali Daga Gidajen Bilbil na Colire

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan daɗe yana amfani da kalmar "daɗi" wajen yabon duk abin da aka sa a baki, alhali kuwa Hausa tana da jerin kalmomi da suke rarrabe ɗanɗano dalla-dalla. Wannan takarda za ta yi bayanin waɗannan kalmomi da yadda ake sarrafa su a jimla. An ɗauki misali daga sana'ar dafa bilbil, wato giyar dawa ta arewacin Kamaru, wadda ta yi daidai da burkutu a ƙasar Hausa. Dalilin zaɓen shi ne, a cikin kwana ɗaya tak wannan abin sha yakan ratsa zaƙi da tsami da yami, kuma cinikinsa ya dogara ne kacokan a kan hukuncin harshen mai saye. Musulunci ya haramta giya, kuma yawancin Hausawa Musulmi ne. Sai dai mai fassara a kotu ko asibiti, da mai nazarin al'adun Maguzawa, ba su da makawa sai sun san kalmomin da ma'anarsu.

2.0 Colire da Gidajen Bilbil

Colire, wanda ake rubutawa Tcholliré da Faransanci, shi ne hedikwatar gundumar Mayo-Rey a Yankin Arewa na Kamaru, yankin da Garwa ce babban birninsa. A cikin wannan gunduma ne masarautar Rai Buba take, wadda Fulani suka kafa a farkon ƙarni na 19. Bayan Fulani akwai Dii da Mbum da Laka, sannan daga shekarun 1970 manoma irin su Tupuri da Mafa da Giziga suka riƙa gangarowa daga can ƙuryar arewa zuwa kwarin Binuwai don noman auduga da hatsi. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, yana da babban ofishinsa a Garwa. Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, Faransanci na ofis da makaranta, Hausa kuwa ana jin ta a bakin fatake da mahauta da mazauna unguwannin Hausawa.

A wajen al'ummun da ba Musulmi ba, giyar dawa tana shiga gayya da biki da makoki da bukukuwan kaka. A gari kuwa ta zama sana'a, kuma kusan dukkan masu yin ta mata ne. Gidan da ake sayarwa ana kiransa "kabare", kalmar da aka aro daga Faransanci. Yawanci tsakar gida ne da rumfa da benci, ga randuna a jere, ana zuba wa mutane a ƙwarya. Mata da dama da ribar wannan sana'a suke ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta, saboda haka idan masu saye suka ce tukunyar yau ba ta yi ba, asara ce ta hatsi da itace da wahalar kwanaki. Bilbil tana gogayya da giyar kwalba ta kamfani, wanda yake da masana'anta a Garwa, kuma abin da ya riƙe ta shi ne araha da sabo.

3.0 Inda Ɗanɗano Yake Samo Asali

Kowane ɗanɗano da mai saye zai ambata yana da matakin da ya haifar da shi a wajen dahuwa:

(i) Tsiro. Ana jiƙa dawa, galibi ja, a shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, sannan a busar a niƙa. Tsiron ne yake samar da sinadarin da ke mayar da sitacin hatsi ya zama sukari. A nan zaƙi yake farawa.

(ii) Dahuwar farko. Ana dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa, sannan a sake haɗa su. Hikimar ita ce, sitacin dawa ba ya narkewa sai da wuta mai ƙarfi, ita kuwa wutar tana kashe sinadarin tsiro. Ruwan da aka ajiye shi yake dawo da sinadarin da ransa.

(iii) Kwana. Ana barin haɗin ya kwana. Wasu ƙwayoyin halitta, dangin waɗanda suke mayar da madara nono, su suke kawo tsami.

(iv) Dahuwa ta biyu. Ana tacewa a sake tafasawa na sa'o'i. Wannan yana tsayar da tsami, yana ƙara kauri da duhun launi. Idan wuta ta yi yawa ƙasan tukunya ya kama, sai a ji ƙauri.

(v) Yis. Bayan ya huce ana zuba yis, wanda akan ɗebo daga dahuwar baya. Yis yana cin sukari yana fitar da sinadarin maye da iska, shi ya sa ake ganin kumfa. Ƙarfin bilbil bai cika wuce kashi 2 zuwa 6 cikin 100 ba.

Abin lura shi ne ba a kashe yis kafin a sayar. Da safe sukari bai ƙare ba, don haka zaƙi ya fi yawa, ƙarfi kaɗan. Da rana zaƙi ya ragu, ƙarfi ya hau. Idan ta yi kwantai ta kai gobe, tsami ya rinjayi komai.

4.0 Kalmomin Ɗanɗano

A 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa akwai wani rukuni na ɓoyayyun sunaye a Hausa da suke bayyana abin da gaɓoɓin jiki suke ji, kuma siffarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko nannauya, karin sautin sama-sama, suna ƙarewa da dogon wasalin i, kuma dukkansu jinsin namiji ne. Paul Newman ya ƙara faɗaɗa bayanin a nahawunsa na shekarar 2000. Ga waɗanda suka shafi darasin nan:

zaƙi: irin na zuma da rake.
tsami: irin na tsamiya da yakuwa da nono.
ɗaci: irin na maɗaci da shuwaka.
bauri: abin da ke ɗaure baki, kamar ɗanyar kanya ko bagaruwa. Ɓawon jar dawa yana kawo shi.
garɗi: irin na soyayyar gyaɗa da madara.
yami: tsamin abin da ya fara lalacewa, kamar kunun da ya kwana.
lami: rashin ɗanɗano baki ɗaya.
zartsi: irin na ruwan wasu rijiyoyi. Idan da shi aka yi dahuwa, yakan biyo abin sha.

Bambancin tsami da yami yana da muhimmanci. Tsami ana neman sa a bilbil kamar yadda ake neman sa a nono, yami kuwa aibi ne. Haka kuma ɗalibai sukan haɗa ɗaci da bauri, alhali ɗaci a harshe ake jin sa, bauri kuwa a dasashi da kumatu. Sai kuma "kauri" da "ƙauri", waɗanda ƙugiya kaɗai ta raba. Wanda ya rubuta "tana da ƙauri" yana nufin yabo ya kushe kayan mutane, domin cewa ya yi ta ƙone.

Aikatau "ji" shi ne yake ɗaukar dukkan waɗannan: a ji zaƙi, a ji ƙamshi, a ji sanyi. Aikin gwajin kansa kuwa yana da nasa kalmomi: sunsuna, ɗanɗana, kurɓa.

5.0 Yadda Ake Auna Daraja a Jimla

A kabare akan ba mai saye ɗan kaɗan a ƙaramar ƙwarya kyauta kafin ya biya. Wannan ita ce al'adar ɗanɗano da aka sani a wajen mai nono da mai kilishi. Idan bai gamsu ba sai ya wuce gida na gaba. Hukuncinsa ba da lamba yake yin sa ba, da tsarin jimla yake yi:

(1) Tana da tsami. (bayani kawai)
(2) Tsami gare ta. (halinta ne)
(3) Ta yi tsami. (da ba haka take ba, ta sauya)
(4) Ta cika tsami. (ya wuce kima)
(5) Tana da tsami-tsami. (kaɗan ne)
(6) Ta fi ta jiya ƙarfi.
(7) Ba ta kai ta gidan can kauri ba.

Misali na (5) yana nuna cewa cikakken ninki a wannan rukuni rage ma'ana yake yi. Idan ana son ƙarfafawa sai a ɗauki sifar da aka tsira daga sunan, kamar zazzaƙa da tsattsama da kakkaura da ƙaƙƙarfa, masu jam'i zaƙaƙa da tsamama da kaurara da ƙarfafa. Ko kuma a kawo amsa-kama: ja wur, kauri kirtif, ruwa tsululu, lami salam. A ƙaddara wannan musaya da Hausa aka yi ta:

"Mama, ta yau ta yi tsululu."
"Haba ɗana, da sassafe ka zo. Dawo bayan azahar ka ji."
"To Mama, amma ta gidan can ta fi taki jiki."

Mai gida ta kare kanta da lokaci, shi kuwa ya auna ta da maƙwabciyarta. Ma'auni biyun da ake amfani da su ke nan.

6.0 Kwatanci da Tsarin Turawa

A Ingila da Amurka ma akwai gidajen da suke dafa giyarsu su sayar a wurin. Harkar ta farfaɗo ne bayan kafa ƙungiyar CAMRA a 1971, da dokar da ta halatta dahuwar gida a Amurka a 1978. A 1985 aka kafa shirin BJCP na horar da alƙalan ɗanɗano, kuma takardarsu ta gargajiya tana raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, gamsuwa gaba ɗaya 10.

Ana iya fassara waɗannan kanun zuwa Hausa ba tare da aro ba, amma ma'aunin ba zai hau kan bilbil daidai ba. Na farko, giyar Turawa ta sha'ir ce, kuma ana sa mata furen wani tsiro mai suna hop don ta yi ɗaci, har suna da sikelin auna ɗacin. Bilbil ba ta da wannan fure, tsami ne yake tare zaƙinta. Na biyu, a ire-iren giyarsu da yawa garau ake so a gan ta, ita kuwa bilbil gurɓin launinta alamar jiki ne. Na uku, alƙali yana auna abin da ke gabansa da rubutaccen siffar nau'in, bilbil kuwa tana sauyawa daga sa'a zuwa sa'a. Saboda haka mai fassarar da ya ga kalmar yabo ta Turanci a kan ɗaci ya mayar da ita "daɗi", ko ya ɗauki "ta yi tsami" a matsayin kushe a kowane wuri, ya ɓatar da ma'ana.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kalmomin ɗanɗano rukuni ne mai siffa ɗaya, kuma Hausa tana auna daraja ta hanyar "yi" da "cika" da "fi" da "kai" da ninki da amsa-kama. Kalmomin suna fita daga baki su shiga zamantakewa, shi ya sa ake cewa zaƙin baki da ɗacin rai, ko dangantaka ta yi tsami, ko gaskiya ɗaci gare ta.

Aiki: (a) A ɗauki fura da nono, ko kunun zaƙi, ko zoɓo, a siffanta shi da jimloli bakwai bisa tsarin (1) zuwa (7). (b) A tambayi dattawa biyu daga garuruwa daban-daban ma'anar yami da lami da zartsi, a rubuta inda suka saɓa. (c) A kawo jimla ɗaya da "kauri", ɗaya da "ƙauri".