Kifin Damargu daga nesa yake zuwa

Ƙasar Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji wadda aka cire daga jikinta a shekarar 2011, an san ta da gero da raƙuma da awaki, amma ba a san ta da jirgin ruwa ba. Yaron da ya tashi a Gangara ko Ollelewa yana iya isa aure bai taɓa ganin ɗanyen kifi yana motsi ba. Abin da ya sani shi ne banda, baƙa ƙirin da hayaƙi, wadda fatake suka saba kawowa daga wajen tabkin Cadi. To, daga 2015 zuwa 2019 hukuma ta hana su da fataucin kifi a wancan gefe na jahar Diffa saboda rashin tsaro, kuma tun daga nan darajar ruwayen da ke kusa da gida ta fito fili.

Ruwayen nan ba su da yawa. A jahar Damagaram akwai tabkin Lasuri da na Gidimuni, a jahar Maradi kuma akwai na Madarunfa. Na Lasuri ya shiga jerin ruwayen da yarjejeniyar duniya ta Ramsar ke karewa a 2005, sauran biyun a 2019.

Wanda ya je bakin tabkin Madarunfa da asuba zai ga cewa su aikin gida ne guda. Maigida yana tsaye a ƙarshen jirgi yana tura shi da doguwar sanda, babban ɗansa yana gaba da birgi a kafaɗa, ƙaramin kuwa yana tsakiya da ƙoƙo yana kwashe ruwan da ke shigowa. Sai sun fara duba ragar da suka shimfiɗa tun jiya da maraice, sannan a shiga jifa. Ba a yawan magana. Yaron yana koyon inda karfasa ke taruwa da inda tarwaɗa ke kwanciya ta hanyar kallo kawai, kamar yadda ɗan manomi ke koyon riƙon hauya. Kafin hantsi sun fito, uwargida da ƴaƴanta mata sun karɓa, su ware na suya, su ware na banda, abin da ya rage a sa a miya. In jirgi ya dawo wayam, ranar gidan duka ne ya yi asara.

A wata ƙasa mai nisa ma iyali kan shiga jirgi ɗaya don kama kifi, sai dai su ba yunwa ke kai su ba. A gaɓar San Faransisko ta jahar Kalifoniya, a yammacin Amurka, magidanci kan biya kuɗin jirgi mai inji ranar hutu, ya ɗauki matarsa da yara su wuni kan ruwan gishiri, kowa da fatsarsa. Daga bazara zuwa kaka kifi iri biyu suka fi nema. Na farko sunansa halibat, faffaɗa ne kamar faifai, yana kwance bisa yashi a ƙasan ruwa, idanunsa biyu duk a gefe guda. Ikon Allah, da ido ɗaya a kowane gefe ake ƙyanƙyashe shi, yana girma ɗayan ya zagayo. Na biyu shi ne bas mai zane, wanda ke zaune a teku amma yakan haura kogi ya zuba ƙwai. Matuƙin jirgi yakan kashe inji ya bar igiyar ruwa ta ja su a hankali, ƙananan kifaye masu rai suna maƙale a ƙugiya.

Labarin bas ɗin nan shi ne ya shafi ƙasarmu. Asalinsa ba na can ba ne. A shekarar 1879 wani ma'aikacin kiwon kifi mai suna Livingston Stone ya ɗauko ƙananansa daga wani kogi na jahar Niyu Jasi, a gabashin ƙasar, ya ratsa Amurka da su cikin jirgin ƙasa, aka saki guda 132. An ƙara wasu 300 a 1882. Kafin ƙarnin ya ƙare, abin da masu raga ke kamawa ya wuce ton 450 a shekara. Da aka ga kamun ya yi yawa, a 1935 aka hana kama shi don sayarwa, aka bar wa masu fatsa kaɗai, su ma bisa ƙa'ida: shekara da shekaru mutum ba ya wuce biyu a rana, kuma wanda bai kai santimita 46 ba a mayar da shi ruwa. Ma'aunin halibat santimita 56 ne, a 2023 kuma aka rage rabon kowane mutum daga uku zuwa biyu. Shi ya sa ba a rasa abin awo a cikin jiragen nan, yara ma sun san amfaninsa.

Zuba irin kifi a tabki aiki ne da ma'aikatan ruwa da gandun daji suka daɗe suna yi a Nijar. Wahalar tana wajen awo. A ranar 7 ga Disamba 1998 aka kafa dokar da ta tsara sha'anin su a ƙasar nan, amma doka ba ta shiga jirgi, masunci ne ke shiga. Raga mai ƙananan idanu, balle gidan sauro da wasu ke mayarwa taru, tana kwashe karfasa tun ba ta yi ƙwai ba, alhali uwar karfasa a bakinta take renon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta su ne za su iya tsawatawa, domin su ke bakin ruwa kullum.

A Damargu kuwa, tabkunan da damina ke cikawa a kwarin Tarka da kewaye yawancinsu sukan ƙafe kafin bazara, saboda haka ba kowane kifi ya dace da su ba. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana jure ruwa mai laka, tana kuma girma da sauri. Gaiwa ta fi ta haƙuri, don takan binne kanta cikin taɓo har ruwa ya dawo. Garin da tabkinsa ke riƙe ruwa wata biyar ko shida yana iya kai buƙatarsa ga ma'aikatan gandun daji na gunduma tun kafin ruwan farko, domin irin da aka zuba a makare ruwa kan ƙafe bai kai girman tukunya ba.