Yaran da Ke Ƙera Mutum-mutumi Don Gasa

A shekarar 1992, a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare da ke garin Manchester na jihar New Hampshire a Amurka, ƙungiyoyin ɗalibai 28 suka hallara don wata gasa da ba a saba ganin irinta ba. An malale filin da ƙwayar masara, aka zuba ƙwallayen tenis a kai, aka ce kowace ƙungiya ta saki na'urar da ta ƙera ta je ta kwaso su. Na'urorin ƙanana ne, kowacce tana jan wayar da ake ba ta umarni da ita. Masarar kuwa tarko ce, domin tayar da ba a yi tunaninta da kyau ba sai ta tsaya wuri guda tana juyi tana tona rami.

Wanda ya kitsa wannan lamari shi ne Dean Kamen, injiniyan da ya yi suna da ƙera ɗan famfon da ke ɗura wa majiyyaci magani a jiki sannu a hankali, wanda kuma daga baya ya fito da keken tsaye mai taya biyu da ake kira Segway. A 1989 ya kafa ƙungiyar FIRST. Hujjarsa ita ce al'umma tana samun abin da take yi wa tafi ne. Yaron Amurka ya san sunayen 'yan ƙwallo da mawaƙa, yana kwana yana tashi da burin ya zama irinsu, amma da wuya ya ambaci sunan injiniya ɗaya mai rai. Maimakon ya tsaya yi wa yara wa'azi kan amfanin lissafi, sai Kamen ya ari kayan aikin 'yan wasa gaba ɗaya: fili, alƙalin wasa mai usur, riguna masu launi, 'yan kallo masu ihu, da kofi. Abin da ya sauya kawai shi ne wanda ke guje-guje a filin.

Tsarin wasan kansa ya fito ne daga hannun Woodie Flowers, farfesa a jami'ar MIT. Shekara da shekaru yana koyar da wani darasi inda ake ba kowane ɗalibi akwati ɗaya na tarkacen ƙarafa da ƙananan injuna, iri ɗaya sak da na ɗan'uwansa, a ce ya haɗa abin da zai yi wani aiki, a ƙarshen zango kuma a kara su a gaban jama'a. Flowers, wanda ya rasu a 2019, ya zo wa FIRST da wannan dabara, tare da wata ɗabi'a da ya nace a kai: mutum ya nuna ƙwarewa iyakar ƙarfinsa, amma ya yi ta da karamci, kamar dai kakarsa na zaune tana kallonsa. Da a baki kawai aka bar maganar, da ta bi iska. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne an dasa ta cikin dokokin wasan.

Ga yadda babbar gasar ta 'yan sakandare take. A farkon watan Janairu ake bayyana wasan shekara, kuma kowace shekara sabo ne: bana jefa ƙwallo cikin raga mai tsawo, baɗi jera akwatuna, wata shekarar kuma na'urar ta kama sarƙa ko sanda ta ɗaga kanta sama. Daga nan ƙungiya tana da 'yan makonni, shida a al'adar da aka daɗe a kai, ta zana, ta yanka ƙarfe, ta ja wayoyi, ta rubuta umarni. Abin da ke fitowa ba ya kama da mutum ko kaɗan. Akwati ne na alminiyam mai tayoyi da hannaye, nauyinsa ya kan haura kilo 50. Wasa ɗaya kan ɗauki kusan minti biyu da rabi. A 'yan daƙiƙun farko babu mai taɓa komai, na'urar ce ke tafiyar da kanta da umarnin da aka rubuta mata, sannan matuƙa su karɓa.

Ba a yin wasan ɗaya da ɗaya. Tun 2005 ƙungiyoyi uku ne ke haɗuwa su zama ɓangaren ja, uku kuma ɓangaren shuɗi, kuma a zagayen share fage kwamfuta ce ke yin rabon. Wanda ka kara da shi da hantsi, shi ne abokin tafiyarka da azahar. Saboda haka idan injin maƙwabcinka ya ƙone, ba ka da wata riba a zamansa haka, domin nan da awa ɗaya makinka na iya rataya a wuyansa. Wurin da aka ware don gyara, in ka shiga, sai ka ce layin makanikai ne ranar kasuwa: wannan na neman sifana, wancan na cigiyar noti, ana shela a lasifika cewa ƙungiya kaza na buƙatar giya iri kaza, kafin a rufe baki wani yaro daga ƙungiyar hamayya ya sheƙo da ita. Idan aka gama share fage, waɗanda suka fi maki su ke zaɓen abokan da za su shiga zagayen ƙarshe da su. Wannan ya haifar da wata sana'a a cikin ƙungiya, ta yaran da ke zama a kan benci da takarda ko waya suna rubuta abin da kowace na'ura ta iya da inda take gazawa. Sau da yawa ƙungiyar da ba ta yi fice ba ake ɗauka, don an lura na'urarta ba ta taɓa mutuwa a fili ba. Babbar lambar yabon FIRST ma ba ta wanda ya ci wasa ba ce, ta ƙungiyar da ta fi yaɗa harkar ce a unguwarta da makarantun da ke kewaye da ita.

Ga ƙananan yara akwai wata gasar daban, kuma a ganina ita ce ta fi koyarwa. An fara ta a 1998 da haɗin gwiwar kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, a shekarar da kamfanin ya fito da kayan haɗa mutum-mutumi da ya sa wa suna Mindstorms. Sunan na wani littafi ne da Seymour Papert ya wallafa a 1980. Papert masanin lissafi ne haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi aiki da Jean Piaget a Janeba kan yadda tunanin yara ke girma, kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Logo, harshen kwamfuta na yara da ake tuƙa ɗan "kunkuru" da shi ya yi zane. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi fahimtar abu idan shi ne ke koya wa na'ura, kuma kuskure a umarni ba abin kunya ba ne, abin bincike ne har a gano inda ya ɓuya.

A wannan gasa, yara biyu zuwa goma, masu shekara tara zuwa sha shida a yawancin ƙasashe, suna tsayawa gaban wani tebur mai tsawon kusan ƙafa takwas da faɗin ƙafa huɗu. An shimfiɗa masa tabarma mai zane, an kafa ƙananan gine-ginen LEGO nan da can, kowanne da aikinsa: a tura wannan, a ɗaga wancan, a ɗauko abu kaza a kawo gida. Babu matuƙi ko na daƙiƙa ɗaya. Yaro ya ajiye na'urar a kusurwarsa, ya danna maɓalli, ya janye hannu. Idan ta ɓace hanya ya kai hannu ya ɗauko ta a tsakiyar fili, an rage masa maki.

A ce yarinya tana so na'urarta ta yi tafiyar santimita 88 ta tsaya gaban wata ƙofa. Na'urar ba ta san santimita ba, juyin taya kawai ta sani. Faɗin ƙaramar tayar santimita 5.6 ne, don haka juyi ɗaya yana cin kusan santimita 17.6 na ƙasa, juyi biyar ke nan ake bukata. Yarinyar da ta yi ta hamma a aji ranar da aka koyar da kewayen da'ira, yau ita ce ke neman malam ya maimaita mata. Ta rubuta biyar, ta danna, na'urar ta je daidai. Ta sake gwadawa, sai ta kauce. Me ya faru? Wataƙila lokacin ajiyewa hancin na'urar ya karkace da digiri biyu, abin da ido ba ya gani, amma bayan tafiyar mita ɗaya ya zama kaucewar santimita uku da rabi, wadda ta isa hannun na'urar ya wuce ƙofar ya kama iska. Wataƙila ƙura ce a taya ta sa santsi. Wataƙila batir ne ya yi sanyi, juyin da ya yi daidai da safe ya gaza da yamma. Daga nan yaran ke gano da kansu cewa lissafin juyi shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Sai su haɗa wani ɗan ma'auni da za su riƙa jingina na'urar da shi kafin tashi. Sai su koya mata ta ja da baya ta daki bangon tebur don ta miƙe. Sai su sa mata ido mai bambance fari da baƙi, su rubuta mata cewa in ta ga baƙi ta karkata dama, in ta ga fari ta karkata hagu, ta haka ta riƙa bin gefen layi tana 'yar rawa har ta isa. Wanda ya kai nan ya kama tushen abin da injiniyoyi ke yi da jiragen sama masu tuƙa kansu: a auna, a gwada da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa.

Makin tebur kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da ake dubawa. Alƙalai suna zaunar da yaran su tambaye su dalilin da ya sa suka ƙera na'urar haka, su saurari binciken da suka yi kan matsalar shekarar, kamar ruwa ko shara ko tsaftar abinci, su kuma lura da yadda suke mu'amala da juna. A wannan zama ne asirin wasu ke tonuwa. Na'urar da uba injiniya ya kwana yana haɗawa tana iya cin maki a tebur, amma da alƙali ya ce wa yaron, "Me ya sa ka haɗa giya mai haƙora 8 da mai 24 a nan?" sai ido ya raina fata. Wanda ya yi da hannunsa zai ce ya sayar da gudu ne ya sayi ƙarfi ninki uku, don hannun ya iya ɗaga kayan. Muhawara kan iyakar inda hannun manya ya kamata ya tsaya ba ta taɓa mutuwa a wannan harka ba, musamman a gasar 'yan sakandare, inda FIRST da kanta ke son yara su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙwararru.

Sai maganar kuɗi, wadda masu tallar harkar ba su cika son a daɗe a kanta ba. Rajistar babbar gasar kaɗai tana cin dubban daloli, ban da kayan aiki da tafiye-tafiye, kuma ƙungiyar da babban kamfani ya tsaya mata ba za a haɗa ta da ta makarantar ƙauye ba. Wannan giɓi na cikin abin da ya buɗe wa wasu gasanni kasuwa. VEX, mai rahusa da ƙananan na'urori, ta bazu har ta shiga kundin Guinness a matsayin gasar mutum-mutumi mafi girma. Gasar World Robot Olympiad ta fara a Singafo a 2004. RoboCup kuwa, wadda aka buɗe a Nagoya ta Japan a 1997 da burin nan na ganin na'urori sun doke zakarun ƙwallon ƙafa na duniya nan da 2050, tana da reshen yara da ke buga ƙwallo da atisayen ceto.

A 2017 Kamen ya gwada wata hanyar daidaita fili. Gasar FIRST Global, da aka fara a birnin Washington, tana gayyatar ƙungiya ɗaya daga kowace ƙasa, a aika wa kowa akwatin kaya iri ɗaya. Ƙasashe fiye da 150 suka amsa. Sai ga shi abin da ya fi ɗaukar hankalin duniya bai faru a filin ba. 'Yan mata shida daga Herat ta Afghanistan sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Kabul neman biza, aka hana su har sau biyu, sai da maganar ta cika jaridu Fadar White House ta sa baki. Yaran Gambiya ma an fara hana su kafin a ba su. 'Yan matan Herat sun koma gida da lambar azurfa ta jarumta, a 2020 kuma, lokacin annobar korona, ƙungiyarsu ta haɗa samfurin na'urar taimaka wa numfashi da kayan tsohuwar mota. Shekara guda bayan haka, da Taliban suka karɓi mulki, da yawansu suka bar ƙasar.

A yammacin Afirka, waɗanda suka fi ɗaukar nauyin harkar injiniyoyi ne 'yan ƙasa da suka yi aiki a waje. Sidy Ndao, ɗan Senegal da ya koyar a jami'ar Nebraska, shi ya kafa gasar PARC ta ɗaliban Afirka a Dakar. A Ghana, Ashitey Trebi-Ollennu, wanda ya jagoranci aikin hannun na'urar InSight da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars, ya kafa wata gidauniya a 2011 da ke shirya wa makarantun sakandare gasa. Shekara takwas bayan nan, a 2019, 'yan matan makarantar Methodist da ke Mamfe suka je jihar Michigan suka ci gasar duniya ta Robofest a rukunin manyan ɗalibai.